Tukunyar da babu nama ba tukunyar yunwa ba ce

A gidaje da dama nan Maraɗi, in uwargida ta sauke shinkafa da wake da daddare, sai maigida ya leƙa kwano ya ce, "Yau dai maneji ake." An daɗe da ɗauka cewa abincin da ke gina jiki sai da tsoka a kai, wake kuwa na ranar da aljihu ya bushe ne.

Ba haka abin yake ba. A kowane giram 100 na busasshen wake akwai kusan giram 24 na furotin, sinadarin da ake nema a nama. Gaskiya in ya dahu ya sha ruwa, adadin kan ragu a kowane cokali, amma wa ke cin wake da cokali biyu? Kuma ta fuskar furotin, abin da wake ya gaza da shi, hatsi na da shi. Abin da gero da shinkafa suka gaza da shi, wake na cikewa. Kakanninmu da suka haɗa su a tukunya guda ba su yi karatun likita ba, sun dai dace. A barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, a ɗora kwaɗon zogale a gefe, yara sun ƙoshi.

Amma akwai abin da wake da hatsi ba su da shi: bitamin B12. Wannan sai nono, ƙwai, kifi ko nama, ko da jefi-jefi.

Sai batun kanwa. Tana sa wake saurin nuna, amma in ta yi yawa tana lalata bitamin B1. A jiƙa waken tun da hantsi, kafin magariba zai dahu ba tare da an ƙarar da gawayi ba.