Don Allah Ku Daina Ajiye Musu Magani Da Zarar Sun Samu Sauƙi

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau kam sai na faɗe ta. A ɓangaren masu taɓin hankali nake aiki. Cikin mutanen da ake kawo mana a ɗaure, ƙarti sun danne su a bayan a-daidaita-sahu, da yawa ba baƙinmu ba ne. Mun san su, katinsu yana wurinmu. Mun sallame su lafiya ƙalau, wani ya koma shagonsa, wata ta koma makaranta. Sai ka tambayi mai rakiya, "Baba, yaushe rabonsa da magani?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai mun ga ya warke ne, shi ya sa muka ajiye."

Wa ya ce muku ya warke? Wane likita ne ya duba shi ya ce a ajiye? Sauƙin nan da kuka gani, maganin ne ya kawo shi da ikon Allah, kuma maganin ne yake riƙe da shi. A gidan nan naku akwai mai hawan jini, ban taɓa jin kun ɓoye masa ƙwayarsa don ya kwana biyu kansa bai yi ciwo ba. To me ya sa sai wannan bawan Allah?

Abin da ke yaudararku na san shi. Ranar da aka ajiye magani ba abin da ke faruwa. Sati na farko ma sai ku ga kamar ya fi kuzari, nauyin barcin nan ya sake shi, yana tashi asuba da kansa. Sai gwaggo ta ce, "Kun gani ko? Dama maganin ne ke kashe masa jiki." Sai an kwana biyu, wani sati uku, wani wata uku, wani ma fiye, sannan abin ya fara. Barci ne ke fara ƙaura. Ƙarfe biyu na dare ana jin takunsa a tsakar gida. Ya daina wanka. Ya fara murmushi shi kaɗai, yana karkata kai kamar mai sauraron wani. A kai masa tuwo ya ture, ya ce an zuba masa wani abu. Duk wannan kuna kallo, kuna cewa a bari a ga gobe, har ranar da ya fasa gilashin motar maƙwabci ko ya bi titi ba riga. A ranar ne ake tunawa da mu.

Ba ra'ayina nake faɗa muku ba, an yi bincike a kan wannan ba sau ɗaya ba. A shekarar 2012 wani likita ɗan Jamus, Stefan Leucht, da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 65 da aka yi a kan mutum 6,493 masu irin wannan ciwo na jin muryoyi da zargin mutane, dukkansu sun riga sun samu sauƙi. An raba su biyu: wasu suka ci gaba da shan maganinsu, wasu aka musanya musu da ƙwayar da ba magani a cikinta. Cikin shekara guda, ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin ɗari na masu shan magani. Waɗanda aka cire wa, kashi 64 cikin ɗari. Waɗanda sai da aka sake kwantarwa a asibiti kuwa, kashi 10 ne a ɓangaren masu magani, kashi 26 a ɗaya ɓangaren. Mujallar likitoci ta Lancet ce ta buga. Ku dubi lissafin da kyau. Ban ce wanda ke shan magani ciwonsa ba ya tashi ba, yana tashi wa wasu, shi ya sa muke ba ku ranar dawowa. Amma wanda kuka ajiye wa magani, kun ninka masa haɗarin fiye da sau biyu da hannunku.

Kuma kowane tashi yana tafiya da wani abu. Wannan karon aikinsa ya tafi. Karo na gaba matarsa ta tattara kayanta. Na gaba yaran unguwa sun sa masa suna. Ku ne za ku zauna da shi bayan haka, ba mu ba.

Ciwon damuwa ma haka yake, wannan da mutum zai rasa jin daɗin komai, ya yi ta kuka, ya ji mutuwa ta fi masa. A 2003 John Geddes na Jami'ar Oxford da abokansa suka haɗa gwaje-gwaje 31, mutum 4,410. Waɗanda suka ci gaba da magani bayan sun farfaɗo, kashi 18 cikin ɗari ciwon ya dawo wa. Waɗanda aka cire wa, kashi 41. Shi wannan maganin ma ba ya fara aiki sai bayan sati biyu zuwa huɗu, sai mutum ya sha kwana biyar ya ce ba ya yi, ya watsar. Haba.

Yanzu bari in bi dalilan da kuke kawo mana, don na ji su har na haddace.

"Maganin yana wahalar da shi." Wannan gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Na ga saurayin da wuyansa ya sandare ya juya gefe, idonsa ya ƙafe sama, mahaifiyarsa tana salati tana zaton aljanu ne suka dawo. Na ga masu dalalar da miyau, masu karkarwar hannu har ba sa iya riƙe kofi, masu tafiya a sanƙare, da 'yan matan da suka yi ƙiba cikin 'yan watanni har suna kunyar fita. Uwa ta ga ɗanta a haka dole hankalinta ya tashi, Allah ya sani. Amma Mama, wannan abin da ake gyarawa ne. Ana rage yawan ƙwaya, ana canza ta da wata, ana mayar da ita dare, akwai kuma wadda ake haɗawa da ita don sandarewar. Ki kawo mana shi a ranar, ko ba ranar ganin likitansa ba ce. Abin da ba na so shi ne ki jefa ledar maganin a masai ki yi shiru. Kar kuma a aiki ƙaninsa kemis ya sayo Exol don wani ya ce ita ce maganin sandarewa. Ƙwayar nan kun san yadda samari suka mayar da ita, likita ne kawai zai ce a ba shi ko kar a ba shi.

"Malam ya ce a ajiye, ba a haɗa maganin asibiti da rubutu." A nan ne raina ya fi ɓaci. Ni musulma ce, ina addu'a, ina tofa wa 'ya'yana, ban taɓa hana kowa ruƙiyya ba. Ku yi. Ku sha rubutu, ku yi sadaka. Amma wane littafi ne ya ce ayar Allah ba ta aiki sai an zubar da ƙwaya? Malamai na ƙwarai da nake hulɗa da su, su ne ma ke turo mana marasa lafiya, su ce a je asibiti mu kuma muna addu'a.

Wannan haɗin ma an gwada shi. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Ghana, aka buga sakamakonsa a 2020. Mutum 307 ne masu taɓin hankali da ke kwance a wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a. Ba a kwashe su daga can ba. A wasu wuraren sai aka haɗa mai wurin da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti, aka horar da su tare. Ma'aikacin yana zuwa yana duba maras lafiya yana ba da magani, mai addu'a yana nasa. Sauran wuraren aka bar su yadda suka saba. Bayan wata shida, waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba, sun kuma fi iya komawa harkokinsu. To duk wanda ya ce muku sai dai ku zaɓi ɗaya, ku tambaye shi hujjarsa. In ya dage, ku canza malami, kar ku canza magani.

Tunda na taɓo nan, bari in faɗi ta mari, wato ɗaure mutum da sarƙa. A wani sansanin addu'a a Ghana, Angela Ofori-Atta da abokan aikinta sun ba wa wasu daga cikin mazauna wurin maganin asibiti na sati shida, aka buga a 2018. Ciwonsu ya ragu fiye da na waɗanda ba su samu ba, amma kwanakin da suka yi cikin sarƙa ba su ragu ba. Mutum ya dawo hayyacinsa, ƙarfe yana ƙafarsa! Magani ba ya kwance mari, mutum ne ke kwancewa. Mu a nan ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Yanzu akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba mai wannan ciwo haƙƙinsa kamar kowa. Sau nawa hanyar gidan mari ke farawa daga ranar da aka ajiye ƙwaya? Ya tashi, an kasa riƙe shi, sai a ce a kai shi a ɗaure.

Sai maganar aure, wadda ta fi ba ni tausayi. Yarinya ta shekara biyu lafiya, an samu miji, an sa rana. Sai iyaye mata su zauna su yanke cewa ba za a kai amarya ɗaki da ledar maganin ƙwaƙwalwa a cikin akwati ba, kar dangin miji su gani. A ajiye tun kafin kamu. Ga hidimar biki, ga rashin barci, ga baƙon gida, ga kuma ciki in Allah ya kawo da wuri. Kafin a cinye kayan gara an dawo muku da ita, kuma abin da kuka ɓoye duk unguwa ta ji. Iyaye, na san tsoron da ke ranku, kada 'yarku ta rasa miji. Amma ku zo da ita da wanda zai aure ta mu zauna, mu yi masa bayani cikin sirri. Maza da yawa in aka gaya musu gaskiya suna riƙewa, har su ne ke zuwa karɓo mata magani. In kuma ta samu ciki ko tana nema, a zo a faɗa mana da wuri, don akwai maganin da ba ya dacewa da ciki, za a canza mata. Ita dai kar ta tsayar da kanta.

Azumi kuma, yawancin magungunan nan ana iya mayar da su bayan shan ruwa ko lokacin sahur, ku tambaya tun a Sha'aban. Kuɗi kuwa, na san halin da ake ciki, ba zan yi muku faɗa a kan talauci ba. Ku faɗa wa likita ƙarara cewa wannan ya fi ƙarfinku. Akwai tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi da suke aiki, irin su haloperidol da chlorpromazine da amitriptyline. Amma raba ƙwaya biyu, ko sha yau a tsallake gobe don ta kai ƙarshen wata, wannan ma ajiyewa ce.

Masu tambayar sai yaushe za a daina, ba kowa ne zai sha har abada ba. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan lafiya a 2016 ya ce wanda ciwon ya taɓa karo na farko, sai ya yi wata 12 ba alamar ciwo kafin a fara tunanin tsayarwa. Wanda nasa ya daɗe, sai ya yi shekaru lafiya. Mai ciwon damuwa, wata 9 zuwa 12. Ko a lokacin ma a hankali ake ragewa, ana duba shi, ba rana ɗaya ba.

To a taƙaice, don na tsawaita:

- Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin maganin, ya ba shi da hannunsa, ya ga ya haɗiye.
- A karɓo sabo tun saura na sati guda.
- Mai yawan mantuwa ko ƙin sha, ku tambayi allurar da ake yi duk bayan sati biyu zuwa huɗu.
- Ya kwana biyu bai yi barci ba, ku kawo shi, kar ku jira sai ya yi duka.
- Ya ambaci kashe kansa, ko da wasa, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da igiya da tarin ƙwayoyi, a taho a ranar.
- A daina yi masa gori da tsawa, a ba shi ɗan aikin yi, a ci abinci tare da shi.

Wanda kuma ya riga ya ajiye, kar kunya ta hana ku dawowa. Za mu yi ɗan faɗa, amma za mu karɓe ku. Kar ku ɗauko tsohuwar leda ku ninka masa ƙwaya don a rama kwanakin da suka wuce. Ku zo da katinsa da ragowar maganin, ko kwalin ne kawai ya rage. In asibitin da ya saba ya yi muku nisa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ko ku fara da babban asibitin da ya fi kusa da ku su tura ku.