Astiroyid ba tauraro ba ne

Tun watan Fabrairun 2025, da aka yi ta yayata cewa wani abu mai suna 2024 YR4 zai iya afka wa duniya a 2032, kalmar astiroyid ta shiga bakin masu labarai. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da nake ji a rediyo: wai tauraro zai faɗo. Wani ma ya ƙara masa wutsiya.

Tauraro fa ɗan'uwan rana ne, wuta ce mai ci da kanta. Astiroyid kuwa dutse ne, wani lokaci haɗe da ƙarfe, ba shi da hasken kansa sai wanda rana ta haska masa. Mafi yawansu suna kewaya rana a wani fili tsakanin duniyar Mas da Jufita, nesa da mu ƙwarai.

Gaskiya ruɗanin daga sunan ya samo asali. Masanin taurari William Herschel ne ya yaɗa shi a 1802, daga kalmar Girkanci mai ma'anar "mai kama da tauraro", don a madubin hangen nesa na zamanin ɗigon haske kawai ake gani. Kama da wane dai ba ta wane.

Ɗauki Vesta, ɗaya daga cikin manyan astiroyid. Heinrich Olbers likita ne a garin Bremen na Jamus, da rana ya duba marasa lafiya, da dare ya hau benen gidansa ya duƙufa kan madubinsa. Bayan ya gano wani astiroyid mai suna Pallas a 1802, sai ya ɗauka wata duniya ce ta tarwatse, irin waɗannan duwatsun ɓaraguzanta ne. Shekara biyar yana laluben sauran gutsattsarin, har ranar 29 ga Maris 1807 ya yi kiciɓis da Vesta. Hasashensa bai yi daidai ba, ƙarfin jan Jufita ne ya hana duwatsun dunƙulewa tun farko, amma haƙurin mutumin nan yana burge ni. Faɗin Vesta ya kai kimanin kilomita 525, kuma kumbon Dawn na hukumar NASA ya zagaye shi daga 2011 zuwa 2012, ya aiko da hotunan ramuka da tsaunuka.

Ni dai "dutsen sararin samaniya" nake cewa, kuma tsohuwa a ƙauye za ta gane. Shi kuma YR4 ɗin, faɗinsa wajen mita 60 ne, ba ya ma cikin ayarin su Vesta, kuma kafin Fabrairun ya ƙare masana suka ce duniya ta kuɓuta daga gare shi.