Farar hula a ƙarƙashin odar soja: wace doka ce ke kansa?

Duk wanda ya san barikin Shadawanka a Bauchi, ko barikin sojojin atilare na Gombe, ya san ba masu kaki kaɗai ke shiga da fita ba. Akwai direban tankar ruwa da aka ɗauka haya, akwai bakanike, da mai dafa abinci, da ma'aikaciyar jinya. Idan aka fita sintiri a dazukan Alkaleri kuwa, sau da yawa maharbin gari ne ke gaba yana nuna hanya. Duk waɗannan, kyaftin ko saje ne ke ce musu tashi ko zauna. Abin da iyalansu ke yawan tambaya shi ne, tunda yana karɓar oda daga soja, shi ma ya zama soja ke nan?

Bai zama ba. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya kafa rundunonin ƙasa da ruwa da sama, sashe na 218 kuma ya ɗora shugaban ƙasa a kansu a matsayin babban kwamanda. Daga wurinsa oda ke gangarowa ta hannun hafsoshi har ta iso kan kurtu. Mutum ba ya shiga wannan jeri sai an ɗauke shi aikin soja a hukumance. Farar hular da aka ɗauka na ɗan lokaci ba shi da igiya, ba shi da anini, ba ya ba ko da kurtu oda, kuma babu fanshon soja da ke jiransa. A zaman lafiya cikin bariki shi ma'aikaci ne kamar kowa: idan ya yi laifi, hannun 'yan sanda da kotun gari zai faɗa.

Inda maganar ke sauyawa shi ne fagen daga. Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 105 ta 1993, ta tanadi cewa idan rukunin soja yana bakin aikin yaƙi, farar hular da ke yi masa aiki ko yake tafiya tare da shi zai iya shiga ƙarƙashin sassan dokar da suka shafi laifi da hukunci. Wato direban da ya kai gas sansanin da ake fafatawa, ya karkatar da rabinsa, ko ɗan jagoran da ya tsegunta wa 'yan bindiga hanyar da za a bi, kotun soja na iya zama a kansu. Ko a nan haƙƙinsa bai faɗi ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba shi damar a saurare shi, ya kuma ɗauki lauya, sashe na 240 ya buɗe masa ƙofar Kotun Ɗaukaka Ƙara idan hukuncin bai gamsar da shi ba.

Odar da ake bi kuma halattacciya ce kawai. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta fito fili cewa "oga ne ya sa ni" ba hujja ba ce. Ɗan sa-kan da aka ce ya ɗaure wani ƙauye ya zane shi don ya yi magana, shi zai amsa da kansa. Ina ganin nan ne matasanmu suka fi shiga uku, domin suna ɗauka inuwar kaki ta rufe su.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa musu ba. Yarjejeniyar ƙari ta 1977 a kan dokokin yaƙi na Geneva, wadda Najeriya ta amince da ita, tana kare farar hula ne muddin bai sa hannu kai tsaye a faɗa ba. Mai dafa abinci yana nan cikin kariya. Wanda ya ɗauki bindiga ya shiga sahu, kariyar ta tashi daga kansa na tsawon lokacin da yake ciki. 'Yan kato da gora da suka taso a Maiduguri a 2013 sun daɗe cikin wannan tsaka mai wuya, su ba sojoji ba, su ba 'yan kallo ba. A 2017 sai da suka sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya kan daina saka yara 'yan ƙasa da shekara 18 cikin sahunsu.

Maganar diyya ta fi damuna. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta cire sojoji daga cikinta, amma ta bar wanda rundunar ta ɗauka a matsayin farar hula. To, da me matar marigayi za ta nuna an ɗauke shi, idan duk abin da baki aka yi a gindin bishiya? Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da takardar sharuɗɗa cikin wata uku. Kafin ɗanka ko mijinki ya hau motar nan, a nemi takarda mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, ko rundunar ce ko ɗan kwangila ko ƙaramar hukuma, da irin aikin, da ranar da zai ƙare. A ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya a wurin mai unguwa.