Cire haƙora kafin a saka haƙoran roba

Cire haƙora kafin saka na roba aiki ne da likitan haƙori yake yi wa mutumin da sauran haƙoransa suka lalace har ta kai ba za su gyaru ba, sai a cire su dan a samu fili a ɗora masa haƙoran roba, ko dai cikakken saiti na sama da ƙasa ko kuma na wani ɓangare kawai. Babban mutum haƙora 32 gare shi idan sun cika, shi kuwa cikakken saitin roba yawanci 28 ake jerawa saboda ba a maido da turamen can ƙurya guda huɗu. Abubuwa biyu ne suka fi kai mutum ga wannan matakin, ruɓewar haƙori da kuma ciwon dasashi wanda yake cinye ƙashin da ke riƙe da haƙorin a hankali har ya fara girgiɗi, sai kuma haɗari da wasu cututtuka. Kuma ba ƙaramar matsala ba ce a duniya, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kusan kashi 7 cikin 100 na masu shekara 20 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya a baki, a cikin masu shekara 60 zuwa sama kuwa abin ya kai wajen kashi 23.

Me yake faruwa da ƙashi bayan an cire

Nan ne fa gaskiya duk maganar take, kuma nan ne mutane da yawa ba a musu bayani yanda ya kamata. Tudun ƙashin nan da saiwar haƙori take zaune a ciki, saboda haƙorin yake wanzuwa, taunar da ake yi kullum ita ce take motsa shi yana sabunta kansa, to da zarar an zare haƙorin sai jiki ya ga ba shi da sauran aiki ya fara janye shi. Bincike ya nuna faɗin tudun yana iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko, kuma kashi biyu cikin uku na wannan raguwar a wata 3 na farko take aukuwa, daga nan sai abin ya lafa amma baya tsayawa gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin zaizayewa nesa ba kusa ba, ana ƙiyasta ninki huɗu a ɓangaren gaba.

Shi ya sa za ka ji masu haƙoran roba suna cewa na sama lafiya lau yake zaune amma na ƙasa ya hana su sakat. Na sama yana da ganɗa mai faɗi da yake mannewa a kai, yawu ya shiga tsakani ya riƙe shi kaman yanda faranti biyu masu jiƙa suke manne wa juna, shi kuwa na ƙasa ɗan siririn tudu ne kawai ya hau, ga harshe yana turo shi daga ciki ga kumatu da leɓe suna turo shi daga waje, idan tudun ya zaizaye kuma to sai dai haƙuri da koyon riƙe shi da tsokar baki.

Dan haka likita mai kula baya gaggawar share baki duka. Idan akwai fiƙa biyu a ƙasa da saiwarsu take da ƙarfi, ana iya cire musu jijiya a rage tsawonsu har kusa da dasashi a bar saiwar a ciki, sai a ɗora haƙoran roba a kansu, ƙashin da ke kewaye da su ya tsira kuma mutum yana jin ƙarfin taunarsa. Da can ba haka ake kallon abin ba. A farkon ƙarni na 20 likitoci da yawa a Turai da Amurka sun ɗauka cewa ruɓaɓɓen haƙori ne tushen cututtuka iri-iri a jiki, aka riƙa cire wa mutane haƙora har da masu lafiya, kuma binciken da aka yi a Ingila da Wales a 1968 ya samu kashi 37 cikin 100 na manya ba su da haƙori ko ɗaya. Yanzu an dawo daga rakiyar wannan tunanin, kuma daidai ne da aka dawo, dan komai kyan na roba ƙarfin cizonsa baya kai ko rabin na asali.

Shiri kafin ranar

Ana fara ɗaukar hoton muƙamuƙi gaba ɗaya dan a ga tsawon saiwoyi da lanƙwasarsu, da guntayen da suka karye suka maƙale a ciki, da kusancinsu da jijiyar da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa ko kogon iskar da ke saman turamen sama. Sai tambayoyi kan lafiya, kuma wallahi nan ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne. Mai ciwon suga da bai daidaita ba rauninsa yana jinkirin warkewa kuma ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama shi. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin dole ya faɗa, amma kada ya daina sha da kansa, sau da yawa gwajin jini ake yi a ci gaba da aikin ana ɗinke wurin da kyau, dan haɗarin daina maganin yana iya fin na zubar jinin. Waɗanda suka fi buƙatar taka-tsantsan su ne masu karɓar magungunan ƙarfafa ƙashi na rukunin bisphosphonate, musamman ta jijiya, da waɗanda aka taɓa yi wa gashin cutar daji da na'ura a kai ko wuya, saboda a wurinsu ƙashin yana iya ƙin warkewa ya mutu bayan an cire haƙori.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko, a cire a jira. Ana barin dasashi ya warke kaman sati 8 zuwa 12, wani lokacin fiye, kafin a ɗauki samfurin baki a haɗa haƙoran. Sun fi zama daram, illa dai mutum zai yi watanni ba haƙori.

Hanya ta biyu kuwa tun haƙoran suna baki ake ɗaukar samfurin, a cika wani ɗan cokali mai siffar muƙamuƙi da wani kwaɓi mai laushi a danna a baki na 'yan mintuna, a kai ɗakin haɗa haƙora a ƙera saitin, ranar da aka cire a ranar ake saka shi a kan raunin, mutum ya fita daga asibiti da haƙora a bakinsa. Mutunci da magana da fita aiki duk ya samu, kuma robar tana rufe raunin tana rage kumburi, amma fa an ƙera ta ne da hasashen yanda dasashi zai zama ba tare da an gwada ta a baki ba, kuma tunda ƙashi yana janyewa da sauri a watannin farko sai ta fara sako-sako, dole a riƙa komawa ana mata ciko mai laushi daga ciki, bayan kaman wata 6 zuwa shekara a yi ciko na dindindin ko a ƙera sabuwa gaba ɗaya. Likitoci da yawa suna raba aikin biyu, su fara cire turame su bar su su warke na wasu makonni, haƙoran gaba su zama na ƙarshe a ranar saka robar.

Ranar cirewa da kwanakin da ke biye

Yawanci allurar kashe zafi ake yi a dasashi, lidocaine ce aka fi amfani da ita, mutum idonsa biyu yana jin turawa da jijjigawa amma ba zafi ba, idan haƙoran suna da yawa ko tsoro ya yi yawa ana iya ba da maganin kwantar da hankali ko a sa shi barci. Likita yana sassauta haƙorin da wani ƙarfe mai kaifin baki sannan ya kama shi ya jijjiga a hankali har ramin ya ɗan buɗe ya fito, kuma hannu mai sauƙi yana da muhimmanci sosai a nan dan bangon ƙashin da ke ta wajen leɓe siriri ne, idan ya ɓalle tudun ya ragu kenan. Bayan nan sai ya shafa da yatsa, duk inda ya ji tsini ya goge shi ya daidaita, dan ɗan tsinin da bai kai ƙwayar hatsi ba yana iya hana mutum saka roba wata da watanni, sannan a ɗinke.

Gudan jinin da ya daskare a cikin ramin shi ne mafarin warkewa, dan haka awa 24 na farko ba kurkure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar abin sha da bututu, ba abu mai zafi, sigari kuwa a nisance ta kwanaki da dama. Idan gudan ya fita ƙashi yana zama a buɗe, sai wani azababben ciwo ya taso kwana 2 zuwa 4 bayan cirewa yana harbawa har kunne ga warin baki, wannan ba na jurewa a gida ba ne, a koma a wanke ramin a sa masa magani. Wanda aka saka wa roba a ranar baya cire ta a awa 24 na farko ko da barci zai yi, in ya cire dasashi ya kumbura ba za ta koma ba, likita ne yake cire ta washegari ya duba inda take gurza ya rage. Daga nan sai kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, abinci mai laushi a yanka ƙanana a tauna ta gefe biyu lokaci guda. Kumburi yana kai ƙololuwarsa a kwana na biyu ko na uku sannan ya fara sauka, yawu yana ƙaruwa, wasu haruffa kaman s da f suna fita wani iri, duk wannan yana gyaruwa cikin makonni, karatu da ƙarfi yana taimakawa. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an ciji ƙyalle mai tsafta na rabin awa, ko zazzaɓi, ko kumburin da ke ƙaruwa har haɗiya tana wuya, waɗannan na gaggawa ne.

Ga wanda saitin roba na ƙasa ya ƙi zama masa, ana dasa kusoshin titaniyom guda biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa robar ta riƙa maƙalewa a kansu, kuma tun 2002 wani taron masana a jami'ar McGill ta Kanada ya ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga muƙamuƙin ƙasa mara haƙori. Ko da wace hanya aka bi, bayan rauni ya warke ana cire robar da dare a wanke a jiƙa ta a ruwa dan dasashi ya huta kada fumfuna ta kama ganɗa, ana zuwa dubiya duk shekara ko babu haƙori ko ɗaya, kuma duk gyambon bakin da ya wuce sati 2 zuwa 3 bai warke ba a kai wa likita ya gani.