Awa nawa ka yi, me ka samar? Tambayoyi kan aiki a nan da ƙasashen waje

A wata majalisa kusa da kasuwar Muda Lawal a Bauchi, wani ya kafe cewa Turawa sun fi mu arziki ne don sun fi mu juriyar aiki. Maganar ta tsaya mini a rai.

Da gaske ƙasashe masu arziki sun fi kowa daɗewa a bakin aiki?

A'a. A alƙaluman OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da akasarinsu masu arziki ne, ma'aikaci a Jamus kan yi kimanin awa 1,350 a shekara, na Amurka kusan 1,800, na Meziko kuwa fiye da 2,100. Duk da haka abin da Bajamushe ke samarwa a awa guda ya ninka na ɗan Meziko. Faransa ma tun shekarar 2000 ta mayar da makon aiki awa 35.

To me masana ke aunawa?

Sukan ɗauki kuɗin duk abin da ƙasa ta samar a shekara, su raba da awannin da aka yi ana aiki. Gumi ba ya shiga wannan lissafi.

Me ke sa awa ɗaya ta fi wata albarka?

Kayan aiki, wuta, hanya, ilimi. Dubi tela a Wunti ana gobe Sallah: yakan kwana a shago, amma da an ɗauke wuta sai keken ƙafa ko janareta, ribar ta tafi a mai. Dubi manomi a Dadin Kowa da ke duƙe da fartanya tun bayan Asuba. Hekta guda ta masara a Najeriya kan ba da tan 2 ko kusa da haka, ta Amurka tan 11 ko makamancin haka, saboda tarakta, ingantaccen iri da taki. Wanda ya kira wannan manomin malalaci bai taɓa yin noman rani ba, kuma raina yana ɓaci idan na ji ana faɗa.

Ke nan hali ba ya cikin maganar?

Yana ciki. A takarda aikin gwamnati daga 8 ne zuwa 4, amma mun san ofis ɗin da ake cewa “oga bai shigo ba, dawo gobe”. Wannan laifinmu ne. Sai dai wanda albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata dole ya raba hankalinsa da gona ko ɗan kasuwanci.

Su Japan da Koriya ta Kudu fa, da ake yaba musu?

Sun ɗanɗana kuɗarsu. Japanawa har suna da kalma, karoshi, ga wanda yawan aiki ya kashe. Koriya ta Kudu ta rage iyakar mako daga awa 68 zuwa 52 a 2018.

Idan aka rage ranakun aiki a Bauchi, kamar yadda ma'aikatan gwamnatin Kaduna suka koma kwana huɗu a mako a 2021, zai taimaka?

Ga ma'aikacin ofis, wataƙila, idan za a tambaye shi fayil nawa ya kammala. Telan Wunti kuwa ba shi da albashin da zai jira. Bukatarsa wutar da za ta tsaya daga safe zuwa La'asar.