Tantance datsattsun itatuwa a aikin safiyo

Tantance datsattsun itatuwa wani ɓangare ne na aikin safiyo, inda mai awon fili yake gano irin itacen da aka sare wa rassa ko aka gundule masa kai, ya auna shi, sannan ya sa shi a rukunin da ya dace. Aikin yana da nauyi a ƙasar Hausa, domin a gonakin Kano, Katsina, Jigawa, Maraɗi da Damagaram da wuya a sami babban itace wanda gatari bai taɓa hawansa ba. Makiyaya suna sare rassan gawo da marke da maɗaci su ciyar da dabbobi da rani, ana tsige ganyen kuka don miya, ana datse dogon yaro don itacen girki da azara. Itacen da aka yi wa haka ya rasa siffar da aka saba gane shi da ita daga nesa.

Alamomin ganewa

Idan babu ganye, babu fure, babu 'ya'ya, shaidar da ta rage ita ce jikin itacen. Ɓawon kaɗanya mai kauri ne, a tsattsage gida-gida kamar fatar kada, kuma idan aka ɗan sassaƙe shi cikinsa ja ne, farin ruwa mai danƙo yana tsattsafowa. Kuka ba ta ɓuya, saboda kaurin gindinta da sulɓin jikinta. Madobiya tana zubar da jan ruwa a inda aka sare ta. Maɗaci yakan zo da tabon sassaƙe a gindi, domin masu magani ba sa barinsa, ɗacin ɓawonsa kuma ya isa shaida. Sabon tohon da ya fito a bakin sara shi ma yana magana: na gawo fari-fari ne da ƙaya bibbiyu, na aduwa kore ne mai doguwar ƙaya da ganye a haɗe biyu-biyu. Ƙwararru suna kuma duba ƙasa, inda akan tsinci busasshiyar ɗorawa ko tsamiya ko ƙwarar kaɗanya ta bara.

Wani abin da ke ruɗa baƙon ma'aikaci shi ne kauci, wanda ke tsira a jikin wani itace. A datsattsen itace, koren ganyen da ya rage kaf yana iya zama na kauci ne.

Lokacin da aka shiga gona ma yana da tasiri sosai. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Wanda ya ga datsattsen gawo tsirara a watan Agusta zai iya rubuta cewa matacce ne, alhali lafiyarsa lau. Haka kuka take a watan Fabrairu. Kankare ɗan reshe da farce ya wadatar: idan ƙarƙashin ɓawon kore ne mai danshi, itacen na da rai.

Awo da rarrabawa

Tsawo da faɗin inuwa ba abin dogaro ba ne ga itacen da aka datse. Shi ya sa ake auna kaurin gangar itacen a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wanda shi ne ma'aunin da yawancin masana gandun daji suke bi. Daga nan a rubuta irin saran: ko an rage wasu rassa ne kawai, ko an gundule kan gaba ɗaya, ko kuwa kututture ne mai toho. Kututture ɗaya mai toho goma itace ɗaya ne a lissafi, kodayake akan ƙirga rassan daban. Wannan ya fi shafar kudancin Nijar, inda sassabin zamani, wato rainon tohon kututture da ya bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, ya farfaɗo da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5.

Hoton tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma kan itace yake gani. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2020 ya ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, sai dai waɗanda faɗin kansu ya haura murabba'in mita 3 kaɗai ya ɗauka. Gundulallen itace mai shekara hamsin yana iya faɗuwa ƙasa da wannan.

Batun diyya

A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya a kan abin da mutum ya raya idan gwamnati ta karɓi filinsa, kuma masu ƙiyasi suna biyan itatuwa masu amfani gwargwadon iri da girma. Idan aka rubuta tsohuwar ɗorawa a matsayin ƙaramin itace don an rage mata rassa, ko aka sa kaɗanya cikin matattu, manomi ne yake asara, kuma da zarar katafila ta bi ta wurin babu sauran shaida. Saboda haka ya kamata a ɗauki hoton kowane itace tare da lambarsa da wurin da yake, a kuma yi ƙirgar a gaban mai gona da mai unguwa. Mai gona ya san shekarar da aka datse itacensa, da abin da yake samu a jikinsa kafin saran.