Waiwaye: shekaru 50 na ECOWAS, daga bakin iyakar Najeriya da Nijar

Ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya zauna a Yamai, a taron ƙolin Tarayyar Afirka, ya rattaba hannu a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar, wadda ake kira AfCFTA. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna. Mai masaukin baƙi, Shugaban Nijar Mahamadou Issoufou, shi takwarorinsa suka ɗora wa jagorancin wannan aiki, don haka ranar tasa ce. Da aka yi kwana 44, ranar 20 ga Agusta, sai Najeriya ta garƙame iyakokinta na tudu. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Seme da Jibiya da Illela, albasa ta ruɓe a cikin buhu, direbobi suka koma kwana a ƙarƙashin tireloli.

Wanda ya san tarihin wannan iyaka bai yi mamaki ba, domin ba ranar aka fara ba.

Ciniki tsakanin waɗannan ƙasashe ya girmi ƙasashen kansu. Tun kafin Bature ya zo, ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da jakuna, madugu a gaba, su kai kanwa da tufafin rini da kayan fata har Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Azbinawa na saukowa da gishirin Bilma a kan raƙuma, su koma da gero. Unguwannin zango na Kumasi da Akara duk 'ya'yan wannan hanya ne. Da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasa, daga yarjejeniyar 1890 har zuwa ta 1906, sai suka ja layi ya ratsa tsakiyar ƙasar Hausa, Katsina ta faɗa nan, Maraɗi ta faɗa can, alhali sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce. Layin ya kai kusan kilomita 1,500. Abin da jiya sunansa fatauci, yau ya wayi gari sunansa fasa-ƙwauri.

Samun mulkin kai bai goge layin ba, ƙara masa kauri ya yi. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice. Dubban 'yan Najeriya da 'yan Nijar suka kwashe komatsansu, cikinsu har da waɗanda a zango aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba.

A irin wannan yanayi aka haifi ƙungiyar bunƙasa tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, ko CEDEAO a bakin mutanen Nijar. Janar Yakubu Gowon ya fito daga yaƙin basasa da darasi: Faransa ta taimaki Biyafara, Kwaddibuwa ta amince da ita a matsayin ƙasa, kuma duk maƙwabtan Najeriya na tudu masu jin Faransanci ne. Ya ga gara a jawo su kusa ta hanyar kasuwa. Shi da Gnassingbé Eyadéma na Togo suka ɗauki maganar suna yawo da ita ƙasa-ƙasa, Farfesa Adebayo Adedeji yana riƙe da aikin takardu. Ƙasashe rainon Faransa ba su zauna jira ba, a 1973 suka kafa tasu ƙungiyar mai suna CEAO, har da Nijar a ciki. Duk da haka, ranar 28 ga Mayun 1975 ƙasashe 15 suka sa hannu a Legas kan yarjejeniyar kafa ECOWAS. Gowon bai ci moriyar abin da ya shuka ba, wata biyu kacal bayan nan aka hamɓarar da shi yana wajen taro a Kampala.

Babban abin da talaka ya gani a ƙasa shi ne yarjejeniyar 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 babu biza. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma har gobe yankuna da dama na Afirka ba su kai nan ba. Amma tawada ba ta gama bushewa ba farashin man fetur ya faɗi, aljihun Najeriya ya yi sanyi, a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu. Mutanen da suka fice sun kai wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai zane-zane da har yau ake kira Gana-mas-go daga nan ta samo suna. Wasu suka ce ramuwar gayya ce ta 1969.

Sai kuma Afrilun 1984, lokacin da Buhari yana soja. Ya canza kuɗi, ya rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986 a zamanin Babangida. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, hatsin da ya saba hawa daga Kano da Sakkwato zuwa arewa ya tsaya cak. Mutanen karkara a Nijar, waɗanda kowace yunwa sai sun laƙaba mata suna, suka kira ta wannan shekara El-Buhari. A ganina duk wanda ke son fahimtar yadda ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram ke kallon alkawuran Abuja, daga wannan suna ya kamata ya fara.

A takarda kam an ci gaba. An tsara shirin cire haraji kan kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin, ya fara aiki sosai a 1990. An sabunta yarjejeniyar kafuwa a Kwatano a 1993, aka samar da majalisa da kotu. A farkon 2015 aka fara aiki da harajin bai-ɗaya kan kayan da ke shigowa daga waje, mai hawa biyar: babu ko kwabo, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Sai dai ƙungiyar da aka kafa don kasuwa ta fi yin suna a fagen soja, tun daga dakarunta na ECOMOG da ta tura Laberiya a 1990. Cinikin da ke shiga littafi tsakanin mambobinta kuwa ya daɗe yana lilo tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan cinikinsu da duniya.

Na ce wanda ke shiga littafi, domin yawancin abin ba ya shiga. A je kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Tun da sassafe garken shanu da raguna da raƙuma ke shigowa daga wajen Magarya da Dungas, ƙura ta turnuƙe, dillali ya kama hannun mai saye su ja gefe. Ɗan canji na zaune a inuwa da damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya. Ɗan Nijar ya ce jaka goma, ɗan Najeriya ya juya ta a kansa kafin ya amsa. Kafin la'asar an loda dabbobin sun nufi kudu, masu su kuma sun juya da masara da taki da robobi da atamfa. Babu wanda ya nemi takardar shaidar asalin kaya a cikinsu. Abin da ya dame su shi ne shingayen hanya, inda dokar ƙungiya ta ce a wuce kyauta amma sai an ba da na goro kafin a ɗaga itace.

Ɗan canjin nan shi ne shaidar babban alkawarin da bai cika ba. Nijar na kashe sefa, wadda ke ɗaure da kuɗin Faransa da, yanzu kuma da yuro, tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu kashe sefa, da aka kafa a Janairun 1994, makon da aka karya darajar sefa da rabi. Naira kuma tana yawo yadda iska ta kaɗa. Duk sanda ɗaya ta tashi ɗaya ta faɗi, sai kaya su sauya alƙibla. Da can naira ce ke taƙama, a 2024 kuwa jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu. Kuɗin bai-ɗaya da aka raɗa wa suna eko an sha sa masa rana, 2003, 2005, 2015, 2020, yanzu an ce 2027.

Bambancin haraji ma sana'a ya haifar. Najeriya ta tsauwala wa shinkafar waje, har ta hana shigo da ita ta tudu, Jamhuriyar Binin kuwa ta sassauta. Sai jiragen ruwa daga Tailan da Indiya suka riƙa sauke shinkafar da ta fi ƙarfin cikin mutanen Binin a Kwatano, ta haura ta Gaya ta Nijar zuwa Maraɗi, ta sulalo Katsina da dare a bayan babura. Fetur mai tallafi kuma a lokacin yana bin hanyar a juye. Hujjar rufewar 2019 ke nan, kuma ba hujjar banza ba ce: injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi. Amma farashin abinci ya hau, an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garuruwa irin su Jibiya suka shiga uku. Sai Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya da Kamba sun jira har Afrilun 2022.

Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, suka rufe iyaka da Nijar, suka daskarar da kuɗaɗenta, suka ba sojojin mako guda ko a shiga da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Wannan karon ƙungiyar da aka kafa don buɗe hanya ita ce da kanta ta toshe ta. Arewacin Najeriya bai yarda ba. Sanatocin yankin suka ƙi maganar yaƙi, malamai suka ɗauki tawaga zuwa Yamai, ko'ina sai ka ji ana cewa mu da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Takunkumin bai mayar da Bazoum kan kujera ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, a Satumbar 2023, ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar da ficewa daga ECOWAS. Gowon, wanda shi kaɗai ya rage cikin shugabannin ƙasa da suka kafa ƙungiyar, ya fito ya roƙi a janye takunkumi, aka janye ranar 24 ga Fabrairu, iyakar Najeriya da Nijar ta buɗe a Maris. Bakin alƙalami dai ya riga ya bushe. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ta tabbata, ƙungiyar ta koma mambobi 12, ta yi bikin cika shekara 50 babu ƙasashe uku daga cikin waɗanda suka kafa ta. Moritaniya ta riga su fita tun 2000, amma ita ba ta bar giɓi irin wannan ba.

Rabuwar ba ta yanke komai gaba ɗaya ba. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasashen uku da barin kayansu su wuce kamar da, har sai an daddale. Su ma suna nan cikin UEMOA, suna kashe sefa, ko da yake sun fito da fasfonsu, kuma a Maris na 2025 sun sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje. Kayan Nijar da suka saba bi ta Kwatano sun koma zagaye ta Lome da Burkina da rakiyar soja, saboda Yamai ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanbil bayan janye takunkumin. Can kuma tsakanin Kano da Kazaure da Daura da Katsina ana ta shimfiɗa layin dogon da Buhari ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda tasharsa ta ƙarshe take Maraɗi.